Wuni Ɗaya da Ido Ɗaya a Lisbon

Clermont-Ferrand, Faransa
12 ga Fabrairu, 1978

Zuwa ga Yayata Deolinda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ku lafiya, ke da Baba da tumakinsa. Mu nan lafiya, sai sanyi, sai kuma tarin da ya kama matata Graciete tun Kirsimeti, amma ya fara sakinta. Aikin masana'antar taya yana nan, bai kashe mutum ba, bai kuma bar shi ya huta ba.

Yaya, abin da zan faɗa ki karanta shi sau biyu. Na samo wa Baba likitan ido a Lisbon, babban likita, ba irin na Beja ba da ya ɗaga kafaɗa ya ce jijiya ce ke mutuwa. Idon dama ya tafi, na haƙura. Amma na hagun da kika ce yana gani da shi kamar mai leƙe ta bakin kwalba, ba zan naɗe hannu ya bi ɗan'uwansa ba. Hermínia 'yar Kawu Bento, wadda ke aikin girki da shara a gidan likitan, wata huɗu ta yi tana roƙon matarsa. Ni kuma wasiƙa bakwai na rubuta wa Hermínia kafin ta yarda ta buɗe baki. An ba mu ranar Alhamis, tara ga Maris, ƙarfe goma na safe. Mutanen birni masu hali sai su shekara suna jiran ganin mutumin nan.

Ku bi motar asuba zuwa Beja, ku hau jirgin ƙasa zuwa Barreiro, daga nan jirgin fito ya tsallaka da ku kogi. Adireshin yana bayan takardar nan. Ki zaɓi cuku huɗu, waɗanda suka nuna sosai, ki sa a kwando mai tsabta, a miƙa wa likita. Baba ya yi aski, ya sa baƙar kwat ɗinsa. Kada ki bar shi ya tsare likita da labarin tumaki. Ki riƙe hannunsa a titi, motocin birni ba su san tsoho ba.

Na so in zo da kaina, amma ba a ba mu hutu sai watan Agusta. Ki gaishe da Baba, ki ce ya sa mini albarka.

Ƙanenki,
Abílio

Vale de Cardos
23 ga Fabrairu, 1978

Ƙanena Abílio,

Takardarka ta iso, mun yi murna da jin kuna lafiya. Ka ce wa Graciete ta dafa ɓawon lemon tsami da zuma ta riƙa sha da ɗumi. Mu nan lafiya, an yi ruwa mai kyau, ciyawa ta fito.

Ka ce in karanta sau biyu, sau uku na karanta wa Baba, shi ya nema. Mun gode, Allah ya saka maka, ya saka wa Hermínia. Sai dai da alama Faransa ta mantar da kai wane wata ne Maris. Tunkiya sittin da huɗu muke tatsa safe da yamma, madara kuwa ba ruwanta da likita, in ba a sa mata furen ƙayar da ke daskarar da ita an matse ta ta zama cuku a ranar ba, ta lalace. Maƙwabcinmu Custódio ya yarda zai yi tatsa biyu, matarsa ta matse cukun, amma wuni ɗaya tak, domin su ma suna da nasu garken. Don haka a ranar za mu je, a ranar za mu dawo.

Bayanin hanya da ka yi ya ba ni dariya. Ka rubuta kamar a Lisbon aka yanke maka cibiya, alhali ta daji ka tsallaka iyaka kana gudun aikin soja, ko ƙurar birnin ba ka taɓa gani ba. Ni ma ban taɓa ba, Baba ma haka, amma mai baki ba ya ɓata.

Baba yana ta goge baƙar hularsa. Rabon da in gan shi da fara'a haka tun kafin rasuwar Inna.

Yayarka,
Deolinda

(Kati mai hoton hasumiya a bakin kogi)
Lisbon, 9 ga Maris

Abílio, ga mu a Lisbon. Baba ya ga kogi, ya ga hasumiyar da ke jikin katin nan, ya hau motar lantarki mai bin dogo. Lafiyarsa ƙalau. Sauran bayani sai na zauna.
Deolinda

Clermont-Ferrand
28 ga Maris, 1978

Yaya Deolinda,

Ina gaishe ki domin haka aka koya mini. Ina fatan Baba yana lafiya, kun yi bikin Ista lafiya. Mu nan jiki lafiya, raina ne a ɓace.

Katinki ya iso ranar sha shida ga wata. A tsaye na karanta shi, na ce Allah na gode maka, likita ya sallame su da wuri har sun samu sararin yawo, tunda kuwa Baba yana ganin hasumiya ai magani ya kama. Ranar Lahadi na kai katin shagon da mutanenmu ke taruwa, na bi tebur-tebur ina nunawa. Graciete ta kunna kyandir biyu a coci. Kwana tara ina yawo da murnar banza, ina washe baki kamar wawa.

Ranar Asabar sai ga wasiƙar Hermínia. Ta ce kun iso a kan lokaci, an ba ku kujera. Ma'aikaciyar likita ta zo za ta ɗiga wa Baba maganin da ake ɗigawa kafin a duba ido, sai ya miƙe ya sa hularsa ya fita, ke kuma kika bi shi a baya. Likitan da manyan ƙasa ke layi dominsa ya buɗe ƙofa ya tarar da kujera wayam. Abin da ya fi ci mini rai, kin riga kin ajiye kwandon cuku a kan tebur, Baba ya dawo daga bakin ƙofa ya ɗauke abinsa. A gaban mutane, Yaya. Matar likita kwana uku ba ta yi wa Hermínia magana ba, rana ta huɗu ta mayar da labarin abin dariya a gaban baƙi, Hermínia tana tsaye riƙe da faranti. Saura ƙiris ta rasa aikinta saboda mu.

Ni dai ki gaya mini, hankalinki ɗaya kuwa? Shi tsoho ne, mun san taurin kansa, shi ya sa na ce ki riƙe hannunsa. Ban ce ki riƙe masa kwando ku tafi yawon buɗe ido ba. Ido ɗaya ya rage wa mutum, an samu ƙofar da za a cece shi, kun juya mata baya don ku kalli duwatsun da shekara ɗari biyar suna nan, kuma ko bayan mun mutu suna nan. Hasumiyar guduwa za ta yi? Sannan ki aiko mini da kati, ko sunan likita babu a ciki, yau kwana goma sha tara ba ki zauna kin yi bayanin da kika ce ba.

Duk ranar da idon nan ya rufe, ki san da hannunki a ciki. Ina jiran amsa.

Abílio

Vale de Cardos
4 ga Afrilu, 1978

Ƙanena Abílio,

Muna lafiya, Baba yana lafiya, yana gaishe ka. Ban karanta masa takardarka ba, na ce masa gaisuwa ce da labarin sanyi. Ina fatan tarin Graciete ya warke.

Ban zauna na rubuta ba domin ba ni da wurin zama. Mun dawo muka tarar da tunkiya biyu nononsu ya kumbura, Custódio hannunsa da nauyi. Amma tunda bayani kake so, ga shi.

Ka tuna bara da na kai Baba wurin likitan Beja? A'a, ba za ka tuna ba, ba ka nan. Irin wannan maganin aka ɗiga masa. Wuni da rabi bai ga komai ba sai farin haske mai suka, ni na riƙa kai shi ban ɗaki. To da ma'aikaciyar nan ta nufo shi da 'yar kwalba, sai ya tare hannunta a hankali ya ce, "'Yar nan, in kika ɗiga, yaushe zan sake gani?" Ta ce zuwa gobe. Ya ce gobe yana wurin tumaki. Ya sa hula.

Kana tsammanin shiru na yi? A kan matakala na sha gabansa, na roƙe shi, na yi kuka, na kira sunanka, na kira sunan Inna. Mutane na hawa suna sauka suna kallonmu. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ido ɗaya ne, wuni ɗaya ne, kuma duka biyun nawa ne." Ka san Baba. Shekara saba'in da shida, ragon da ya ƙi shiga garke har yau da hannu ɗaya yake kayar da shi. In kana da dabarar da za a mayar da shi kan kujera, da ka zo ka gwada. Maganar cuku kuwa, na ji kunya har na rasa inda zan sa fuskata, amma shi cewa ya yi likitan bai yi aikin komai ba, a kan me zai ci.

Sai muka fita. Ba zan yi maka ƙarya ba, birnin nan yana da kyau. Tun daga kan jirgin fito da safe na gan shi fari fat a kan tuddai, rana na dukansa. Mun fara tsayawa a babban filin bakin kogi, inda aka yi gunkin wani sarki a kan doki. Baba ya zagaya shi sau biyu, ya ce dokin ya ƙoshi amma mahayin bai iya zama ba. Ya buga ƙafa a ƙasa ya ce fili kamar wannan an shafe shi da dutse, ko akuya ɗaya ba zai ciyar ba.

Muka hau motar lantarki zuwa Belém. Ka san yadda yake gani yanzu, abu kaɗan-kaɗan, sai ya riƙa juya kai a hankali yana haɗa su. Babban cocin nan da aka sassaƙa dutsensa kamar igiyar jirgi, rabin awa ya yi a gaban ƙofa ɗaya, yana bi daga ƙasa zuwa sama kamar mai karatu da yatsa. Inda hannunsa ya kai ya shafa. Ya ce wanda ya yi aikin nan ba biyansa aka yi da kwana ba. Daga nan muka taka zuwa hasumiya, muka zauna a kan dakali, na yanka burodi, muka fasa ɗaya daga cukun likita. Bai taɓa yi mini daɗi kamar ranar ba, Allah ya yafe mini.

Wani abu ya ɓata mini rai a wurin. Wata baƙuwa daga ƙasashen sanyi, mace babba da gajeren wando, ta zo ta tsaya a kanmu ba sallama, ta ɗauki hoton Baba yana tauna, sannan ta miƙa masa kuɗi, eskudo ashirin. Mabaraci ta ɗauke shi, mutumin da bai taɓa cin abin da bai yi gumi a kansa ba. Na miƙe zan wanke ta, ko da ba ta jin harshenmu fuska ai kowa na ji. Baba ya ja mini riga, ya yanko cuku ya ɗora mata a tafin hannu a kan kuɗinta.

Bayan nan muka koma cikin gari, muka hau wata motar da ke bin lunguna masu ƙunci, har kana iya taɓa wankin mutane daga taga. Muka hau tsohuwar ganuwar da ke kan tudu. Daga can ana ganin rufin gidaje jajaye har bakin ruwa, da doguwar gada, da jiragen ruwa. Baba ya cire hula, yana ta kallo. Da yamma muka kama jirgin fito na ƙarfe shida. Akwai abin da ya faru tsakanin ganuwa da jirgin fito, na yi alkawarin ba zan faɗa ba.

Yanzu kai. Ka ce da hannuna a ciki. Hannun da ke yanka masa nama ƙanana don ba ya ganin faranti, shi kake nufi? Ni na goya ka, Abílio, ni na wanke maka kashi lokacin da Inna ke gona. Shekara goma sha ɗaya ba ka taka garin nan ba. Da ka ce soja kake gudu, mun yarda. Gwamnatin da kuke gudu ta faɗi yau shekara huɗu, duk 'yan garin nan da suka gudu sun zo sun ga iyayensu, kai shekara guda ka ce takardu, shekara guda ka ce gida, bara ka ce mota. Wasiƙa bakwai ka rubuta wa Hermínia, sannu da ƙoƙari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuwa daga nesa kake mana lissafin kwanon tarar ruwa.

Zan rubuta wa Hermínia in ba ta haƙuri da kaina, ita ce muka yi wa laifi.

Yayarka ko ka so ko ka ƙi,
Deolinda

Clermont-Ferrand
21 ga Afrilu, 1978

Yaya Deolinda,

Na samu takardarki. Ina fatan kuna lafiya, mu ma lafiya. Graciete ta warke, ta gode da maganin.

Na karanta labarin yawonku. Shafi uku a kan doki da coci da mace mai gajeren wando, layi biyar a kan likita. Kin iya ba da labari, ban hana ki ba. Amma ni abin da na gani a ciki shi ne, shekara talatin da tara kina son ganin Lisbon, ba ki taɓa samun dalili ba, sai da idon Baba ya zame miki tikiti. Da gaske kika yi kuka a kan matakala, da ba a ji daɗin cuku a bakin kogi ba. Alkawarin da kika ce kin yi na rufe baki, ki riƙe abinki, na ji wanda ya ishe ni.

Gorin da kika yi mini na goyo, na karɓa. Sai dai ki tuna ba hutu na zo yi nan ba. Rufin ɗakin da kuke kwana a ciki, da famfon da ya hutar da ke zuwa rijiya, daga cikin zafin injin taya suka fito.

Na sake zubar da mutuncina. Na rubuta wa likitan da kaina, na ce tsufa ne ya ruɗa Baba. Ya yarda, amma sai sha biyu ga Oktoba. Wannan karon Hermínia za ta zo ta ɗauke shi, ke ki zauna da tumaki tunda birni yana ɗauke miki hankali.

Batun Agusta, kada ku sa rai. Motar da na yi oda ba za ta fito ba sai ƙarshen shekara. Kin san garinmu, ɗan Custódio da bai kai ni daɗewa ba da motarsa ya zo, ba zan sauko daga motar haya da akwati a kai a ce shekara goma sha ɗaya ya yi a Faransa bai tsinana komai ba. Baɗi in Allah ya kai mu zan zo yadda ya kamata, Baba ya ga abin da ɗansa ya zama.

Abílio

Clermont-Ferrand
18 ga Yuni, 1978

Yaya,

Ina gaishe ku, ina fatan lafiya ce ta kawo shirun nan. Wata biyu ke nan ba amsa. In fushi kike yi ki yi da ni, amma ki rubuta ko layi biyu ne in ji yadda Baba yake. Kullum sai na buɗe akwatin wasiƙu sau biyu, har maƙwabta sun fara tsokanata. Graciete ta ce maganar tikiti da na yi ta yi tsauri. Ƙila ta yi, amma ke ma ba ki raga mini ba. An gama askin tumaki? Hermínia ta ce in tuna miki ranar Oktoba.

Ƙanenki,
Abílio

Vale de Cardos
9 ga Yuli, 1978

Abílio,

Takardunka biyu suna hannuna. Jikinmu lafiya, an gama aski, ulu ya yi kyau bana. Ka gaishe da Graciete, ta fi ka hankali.

Ka gaya wa Hermínia ta ba wani ranar Oktoba. Ranar Talata, ashirin da bakwai ga Yuni, Baba ya fito ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye ni ko hadari ne ya haɗu. Rana tana tsaka, ko ƙyallen gajimare babu. Na kai shi Beja, likita ya haska masa fitila bai ƙifta ba. Idon ya rufe.

Na yi shiru fiye da wata biyu don in na ɗauki alƙalami haushi ne yake hana ni rubutu. Ka ce idon ubana na mayar tikiti. Na yi wa Baba alkawari a kan jirgin fito, ya ce kada in gaya maka don kada ka ji kunya. Yau zan karya, zunubin a kaina, domin na ga kunyar ita ce maganinka.

Da muka shiga ɗakin jiran likita, kafin ma'aikaciya ta zo, Baba bai zauna ba. Ya bi mutanen da ke kan kujeru ɗaya bayan ɗaya yana leƙa fuskarsu, ya leƙa bayan ƙofa, sannan ya tambaye ni ina kake. Na ce Baba, sau uku na karanta maka, Abílio ya ce ba a ba shi hutu ba. Ya yi murmushi, ya ce ai don kada ya sa rai ka rubuta haka. Ya ce a garinmu ba a taɓa tura uba wurin likita da takarda ba, wanda ya nemo likita shi ke riƙe kan majinyaci. Shi da kansa ya ɗora kakanmu a kan jaki ya kai shi Serpa lokacin da za a yanke masa ƙafa, ya bar girbi a gona ya riƙe masa kai har aka gama. "Jinina ne," ya ce, "jirgi ne ya makara da shi."

Ka ji dalilin da ya ƙi maganin. A kan matakala, bayan maganar da na rubuta maka, ya ƙara wadda ban rubuta ba: "In suka rufe mini idon yau, da me zan gane shi?" Ya sa na tambayi mai gadin ƙofa yaushe jirgin ƙasa na Faransa ke isowa, aka ce sai wajen ƙarfe uku. Duk yawon nan da ya ba ka haushi, coci da hasumiya da ganuwa, lokaci yake kashewa. Ya ji daɗin abin da ya gani, ban ce bai ji ba, amma a kowane wuri sai ya tambaye ni ƙarfe nawa.

Daga ganuwa muka gangara tashar jirgi. Jirgin bai iso ba sai huɗu da rabi. Baba ya tsaya a bakin hanyar fita, hula a hannu. Mutane suka yi ta fitowa da akwatuna da rediyoyi, duk namijin da bai manyanta ba sai ya tare shi ya kai fuskarsa dab da tasa, domin sai haka yake gani. Wani ya ture shi, wani ya zage shi ya ce tsohon nan ya bugu. Wani mutumin arewacin ƙasar nan ya gane abin da ake ciki, ya ajiye kayansa ya tsaya cik har Baba ya gama dubawa, sannan ya sumbaci hannunsa ya wuce. Ina tsaye a gefe na san ba ka ciki, na kasa janye shi. Sai da mai shara ya fara share dandamali ya yarda muka tafi. A kan jirgin fito bai waiwayi birnin ba ko sau ɗaya. Abin da ya ce kawai, Faransawan nan ba su da imani, sun hana yaro hutu.

Ban sani ba ko likitan nan zai iya ceton idon. Na Beja ya ce da wuya, amma bai ce sam ba. Wannan tambayar da ita nake kwana, da ita nake tashi, ba sai ka tuna mini ba. Na ɗauki rabona. Kai ma ka ɗauki naka. Wata uku da rabi idon ya ƙara yi bayan Lisbon, kullum da yamma yana zaune a bakin ƙofa yana fuskantar hanyar mota. Kwana biyu ne daga inda kake zuwa nan, zumunta kuwa a ƙafa take.

Maganar mota, ka kwantar da hankalinka. Ka zo da ita ko ka zo a kan jaki, yanzu duk ɗaya ne a wurinsa. In ka zo, ka durƙusa kusa da kujerarsa ka bar shi ya shafa fuskarka, kada ka janye kai don hannunsa yana warin tumaki. Jiya ya tambaye ni ko ka fara gemu. Ɗan shekara ashirin ya sani, shi kuma zai ci gaba da gani har ya koma ga Allah.

Yayarka,
Deolinda